Tayin sifed biyu da ya hana mu cin babban maki a birij

Sabon ɗan wasa: Assalamu alaikum. Watanni biyu ke nan da na fara koyon birij, wasan kartar nan na mutum huɗu da ake raba wa kowa kati 13. A makon jiya abokin wasana ya buɗe tayi da sifed ɗaya (sifed ɗaya ne daga nau'ukan kati huɗu, kamar hat da kulob). Ina riƙe da katin sifed guda huɗu da maki 13 bisa lissafin da aka koya mini, wato as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, sai na ce sifed biyu domin kada na ɗora mana nauyin da ba za mu iya ɗauka ba. Shi kuma ya ce ya wuce, wato bai ƙara tayi ba. Mun ci zagaye goma (a kowane zagaye kowa yana ajiye kati ɗaya), amma ya tashi ransa a ɓace. Ina kuskurena yake, alhali mun cika alkawarinmu har da ƙari?

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki tayin birij kamar tayin kasuwa, inda mai saye yake farawa daga ƙasa don ya samu sauƙi, alhali a nan kowane tayi saƙo ne kake aika wa abokinka game da abin da ke hannunka, tunda ba ya ganin katinka kuma ba a yarda ka yi masa ishara ba. Wanda ya ɗaga sifed ɗaya zuwa biyu yana cewa makinsa tsakanin 6 ne da 9, saboda haka abokinka ya yi daidai da ya tsaya. Da ka haɗa 13 ɗinka da 12 ko 13 da ake buɗe tayi da su, da ka ga kuna da 25 ko 26 cikin maki 40 da ke cikin kartar gaba ɗaya, kuma wannan ya isa neman cikakken wasa.

Ana fara ƙirga tayi ne bayan zagaye shida, don haka sifed biyu alkawarin cin takwas ne, sifed huɗu kuma na goma. Idan sifed ko hat aka taya, kowane zagaye bayan na shida maki 30 ne, kuma zagayen da aka yi alkawarinsa kaɗai ake ƙirgawa wajen kai wa 100, wato cikakken wasa. Wannan ƙa'ida ce ta bambanta wasan da wanda ya gabace shi tun da Harold Vanderbilt ya tsara lissafinsa a 1925. A lissafin gasa kun samu 170, alhali da kun taya huɗu da kun samu 420, ko ma 620 idan kuna cikin halin da ake ƙara lada da tara.

Malama mai koyarwa: Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina jan kunnenka kada ka ɗauka cewa maganin shi ne tsallakawa kai tsaye zuwa sifed huɗu. A tsarin da aka fi bi a Amurka, wannan tsalle yana nuna sifed masu yawa da maki kaɗan, kuma ana yin sa ne don a toshe bakin abokan hamayya. Mai maki 13 yakan fara ambaton wani nau'in, misali kulob biyu, wanda ya wajabta wa abokinsa sake magana, sannan ya koma sifed huɗu. Ku zauna ku biyu ku daidaita tsarin da za ku bi, domin na Acol da ake bi a Ingila ya sha bamban a wurare da dama.

Tsohon hannu: Gaskiya ne, Malama. Zan ƙara abu ɗaya game da ranar da buga wasan zai faɗo kanka. Idan abokinka ya shimfiɗa katinsa a kan tebur, kada ka taɓa komai sai ka ƙirga zagayen da za ka iya rasawa, domin a sifed huɗu uku kawai aka yafe maka. Idan sifed tara ne tsakaninku, huɗu ne a hannun abokan hamayya, kuma yawanci gara ka fara zare su kafin su yanke maka katinka masu ƙarfi da su, tunda nau'in da aka taya yana cin sauran nau'ukan. Idan kuma as da sarauniya suna kan tebur, ka buga ƙaramin kati daga hannunka zuwa gare su. In sarkin yana wurin wanda ke hagunka, sarauniyar za ta ci.