Konfeshon: me za mu kira shi da Hausa?

'Yan'uwa na Wusasa da Sabon Gari, musamman masu tafinta a coci: in mai wa'azi ya ce konfeshon (confession) da Turanci, kowa da abin da yake juyawa. Wani ikirari, wani tuba, wani amsa laifi. Ga tawa shawarar.

Ikirari daga Larabci take, asalinta mutum ya amince da abin da ke kansa. Amma labaran rediyo sun sauya mata ɗanɗano. Yau in aka ce wane ya yi ikirari, sai a ji kamar ya faɗi abin da ba a tabbatar ba.

Tuba kuma juyowar zuciya ce da barin aikin. Mutum yana iya cewa ya tuba alhali bai faɗi zunubin da bakinsa ba.

Amsa laifi ce na fi ƙi, kuma Yoshuwa sura 7 ce hujjata. Wani mutum mai suna Akan ya ɗauki alkyabba mai kyau, da azurfa shekel 200, da zinariya shekel 50 daga ganimar Yariko, ya binne a alfarwarsa. Isra'ila suka sha kashi a Ai, mutum wajen 36 suka mutu, bai ce uffan ba. Aka bi kabila kabila, dangi dangi, gida gida, yana tsaye yana kallo. Sai da abin ya faɗo kansa sannan ya buɗe baki, aka kuwa jajjefe shi a kwarin Akor. Wannan ita ce amsa laifi, irin ta wanda aka kama dumu-dumu. Ba na so yaranmu su ɗauka abin da Allah yake nema ke nan.

Ku dubi Dawuda a Zabura 32. Da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana. Da ya faɗa wa Ubangiji da kansa, aka gafarta masa.

Don haka ni dai furcin zunubi na zaɓa, aikin kuma furta zunubi. Wani yana iya bayyana zunubinka ko ya tona maka asiri, amma ba mai yi maka furci sai bakinka. Kalmar furci ta zauna daidai a 1 Yohanna 1:9 da Yakubu 5:16. 'Yan Katolika, da cocinsu ta wajabta musu shi aƙalla sau ɗaya a shekara tun 1215, sai su ce furci gaban Fada, wato limamin cocinsu. Inda Bature yake nufin faɗin abin da muka gaskata, mu bar shi a shaidar bangaskiya.

Saura wurin da Fada yake zama ya saurara. Ɗakin furci ya yi muku? Iyayenmu da suka tashi da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, don Allah ku gaya mana abin da kuka ji ana faɗa.