Musayar waƙa: Walter Gehring da idon da ya tsiro a fiffiken ƙuda

Mai Ƙwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Baitocin yau a kan masanin da ya binciki yadda gaɓoɓi ke samun wurinsu tun daga ƙwai ne. Mai amsawa ya zaɓi amsa-amonsa.

Zurik ta Suwizalan garin haihuwarsa,
Walter Gehring, 1939 ce farawa.

Tsuntsaye ya fara bi da na'urar rada,
yana duban hanyarsu lokacin ƙaurawa.

Sai Ernst Hadorn ya ja shi wajen ƙuda,
na 'ya'yan itace, mai saurin hayayyafawa.

1965 ya kammala digirin dakta,
ya tafi Yale ta Amurka don ƙarawa.

1972 ya zo Basel farfesa,
a cibiyar binciken Biozentrum ya zauna har tsufawa.

Tambayarsa guda ce: ƙwai ba kai ba ƙafa,
wa ke nuna wa kowace gaɓa wurin fitowa?

Ya ga ƙudan da ƙafa ta tsiro a kansa
a gurbin ƙahon ji, ba ta amfanawa.

Ƙwayar gadon Antennapedia ce sanadi,
ita ya sa gaba sai ya ga tushen ɓatawa.

Malamar Kimiyya:
Malam, madalla, bari in ɗora a kai,
1983 da 1984 aka tone sirri.

McGinnis da Levine da Hafen a ɗakin binciken Gehring
suka ciro yankin Antennapedia, ga yadda ake shiri:

A yayyanka DNA, zaren gadon ƙuda, da sinadarin inzayim,
a tura shi cikin jel da lantarki ya yi jeri.

A kwafe jerin a kan takardar tacewa,
yanki mai alamar fosfaras 32 ya shiga neman wuri.

Wankin ne gwanintar: in zafi ya yi yawa
mai kama da shi kan saki, a rasa shi tun fari.

In kuma an sassauta fiye da kima,
fim mai ɗaukar alamar ya yi baƙi ƙirin, ba layi ba tsari.

Tsaka-tsakin shi ne a rage zafin ruwa,
a kuma ƙara masa ɗan gishiri.

Sai ga ƙwayoyin gado biyu, Ultrabithorax da mai suna fushi tarazu, sun kama,
yanki ɗaya suke tarayya a cikin tsari.

Haruffa 180 ne, homeobox sunansa,
amino asid 60, tubalan furotin, yake bayarwa, ba ragi ba ƙari.

Furotin ɗin kan dafe jikin DNA,
ya kunna wasu ƙwayoyin gado, ya kashe wasu, shi ne tasiri.

Scott da Weiner a Indiana su ma sun gano,
ba kwafa suka yi ba, nasu ne nazari.

De Robertis ya same shi a kwaɗo, sai aka gan shi a ɓera da mutum,
ashe abin ya wuce ƙwari.

Mai Kiwon Ƙuda:
Malama, sannu da aiki, ga na hannu,
yadda ake kiwon ƙudan bari in nuna.

Garin masara da yis da sukari da aga mai daskararwa,
a dafa, a zuba a kwalba, a bar shi ya kwana.

A zafin digiri 25 na Salsiyas ƙwai kan zama ƙuda
cikin kwana 10, haka aka auna.

In an mai da shi 18 tafiyar kan ninka,
kusan 20 ne adadin kwana.

Budurwa ake nema wajen haɗa iri,
don macen da aka bi, maniyyi a cikinta kan zauna.

A kwashe manya da safe, a ɗebi sababbi
kafin awa 8 ta cika da rana.

Iskar kabon ke sumar da su a ware da burushi,
in ta daɗe a kansu, su kan raunana.

Kwalbar da ta wuce wata ba a sauya ba,
sai ta cika da 'yan kaska da fumfuna.

Mai Ƙwar Biyu:
Ɗan'uwa ka gyara fage, ga babban aikin:
1994 Rebecca Quiring ta zo da sabuwa.

A ɗakin Gehring ta nuna ƙarara,
ƙwayoyin gadon ido, eyeless ta ƙuda da Pax6 ta ɓera, 'yan'uwa.

Ɓeran da kwafin Pax6 ɗaya ya lalace, idonsa ƙarami,
in biyun ne, ba ido ba hanci, ba ya rayuwa.

A mutum zoben launi na ido ke rasuwa,
aniridia ce, haske na damun mai ita ƙwarai kuwa.

Halder da Callaerts suka ɗauko GAL4, makunnin ƙwayar gado daga yis,
dabarar Brand da Perrimon ta 1993, mai kunnawa.

Zuri'a ɗaya na da GAL4 a tushen fiffike ko ƙafa,
ɗayar na da eyeless bayan UAS, inda GAL4 ke kamawa, tana jiran tasowa.

A haɗa su, 'ya'yan su gaji duka biyun,
eyeless ta kunnu inda ba ta saba kunnuwa.

GAL4 ta fi ƙarfi a zafi 29, a kiyaye,
in ta yi yawa ƙudan kan mutu kafin fitowa.

1995 ga jan ido a fiffike da ƙafa da ƙaho,
'yan ɗakunansa da gashinsu a madubin ƙara girma suna ganuwa.

Aka sa Pax6 ta ɓera a madadin eyeless,
idon ƙuda ya fito, ba na ɓera ba, nan ne abin dubawa.

Ƙanwar Malamai:
Yaya, na ji, amma kar mu wuce gona da iri,
akwai inda maganar ba ta zauna ba.

Gehring ya ce ido sau ɗaya ya samo asali,
hukuncin nan ba kowa ya amince ba.

Salvini-Plawen da Mayr a 1977 sun ƙirga
sau 40 ko fiye, wani bai bi ta wani ba.

Pax6 na aiki a ƙwaƙwalwa da hanci,
ba ido kaɗai aka ba ta ba.

In babu ƙwayoyin gadon eyes absent da sine oculis,
ita kaɗai gina ido ba ta isa ba.

Dubi idon dorinar ruwa da namu:
kamar juna a waje, ginin ba ɗaya ba.

Tantanin ganinmu daga ƙwaƙwalwa ya tsiro,
nata fata ce ta lotsa, ba su haɗu a hanya ba.

Malamar Kimiyya:
Ƙanwata, hujjarki na da ƙarfi,
ga amsar da Gehring ya riƙe a nazari:

Idon farko sel biyu ne, wato ƙwayoyin halitta, kacal,
mai jin haske da mai launi a wuri.

Nan Pax6 ta kama aiki, in ji shi,
ɗakuna 800 na idon ƙuda daga baya suka zo ƙari.

Ni dai na fi karkata ga tsakiya:
makunnin ɗaya aka gada, kowane ido da nasa tsari.

Kyautar Kyoto ya karɓa a 2000,
ta Balzan a 2002 ta biyo a jeri.

29 ga Mayun 2014 ya rasu a Basel,
bayan a Girka ya gamu a mota da hatsari.