Yaro man kaza: zagi ne ko mi?

Ɗan Wadata:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar mai wa'azi a masallacin unguwarmu nan Tawa ya ɗauko zancen samari, ya ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Wai ƴan yanzu ba su iya riƙon hauya, sai zaman fada da shayi da latsa waya. Tsofaffi na ta gyaɗa kai. Da aka fito, ƙanena da ke kabu-kabu tun asuba har isha ya ce an zage shi a ɗakin Allah, har sun yi sa-in-sa da baffanmu a ƙofar gida. Baffa ya ce karin magana ba zagi ba ne. Ni dai abin ya dame ni. Ku mi kuka gani?

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam bai yi ƙarya ba. Mu zamanin shugaba Kunce, da ƙungiyar samariya muka gina azuzuwan lakkwal da hannunmu, ba a biya mu ko dala ba. Yau ka ce yaro ya share ƙofar gidan ubansa, sai ya tambaye ka nawa za ka ba shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Bagobirin Yamai:
Mushe, Allah ya ƙara girma, amma rimin ma ai kun sare kun yi girki da shi, ina yaron zai hau?

Ƴar Keita:
Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta, don ita daban take hwaɗin maganar ga.

Shekarar El Buhari, 1984, ruwa bai zo ba, gero ya ƙone tun bai fidda kai ba, ga iyakar Najeriya an rufe. Mazan garinmu duk wanda ke da ƙafa ya tahi bida, wasu Abijan, wasu Libiya. Sai mata da tsofaffi da yara. Cikin shekarar ne aikin raya ƙasa na Keita ya soma, wanda Italiya ta sa ma kuɗi, ana jera duwatsu bisa fako don tare ruwa, ana haƙa ramu ana dasa itace, a biya mutane da abinci. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen nan mata ne, kakata na cikinsu. Babana lokacin bai wuce shekara goma sha huɗu ba, shi ma ya bi ta don rabon gidan ya ƙaru.

Rana guda tsakar rana ya yanke jiki ya faɗi da dutse bisa kai. Wani dattijo mai duba aiki ya yi tsaki ya ce yaro man kaza. Kaka ta ce ita ba ta san lokacin da ta aje gammonta ba. Ta ce mishi, Malam, tun da ka san man kaza ne, wa ya ce ka shanya shi a rana? Ta kwance zanenta na bisa ta yi ma babana inuwa, ta jiƙa ƙanzo ta ba shi, sannan ta ɗauki dutsensa ta haɗa da nata har yamma, don kar a rage musu mudu.

Ita a wajenta uwaye mata ke da maganar ga. In uba zai aiki yaro daji da hantsi, uwa ke cewa haba Malam, yaro man kaza ne, bari rana ta yi sanyi. Roƙon sassauci ne. Ta ce maza ne suka ɗauke ta suka kai dandali suka mai da ta gori.

Abin da ya fi ban takaici, baban nan nawa da aka yi ma inuwa, shi ne yau ke kiran ƙanena man kaza don ya dawo daga Jado hannu rabbana. Yaron da ya yi wata da watanni cikin ramin zinariya yana sayen ruwan sha da tsada. Da kaka na da rai da ta kama kunnen babana gaban ɗiyansa, don ita ba ta barin ta kwana.

Hajiya ta Lazare:
Allahu akbar. Allah ya kai haske kabarinta. Matan Adar sun sha wuya wallahi, har yau su ke riƙe da gidaje rabin shekara.

Mushe mai ritaya:
Amin. Amma ƴata, ki lura, babanki da ya farfaɗo washegari ya koma aikin ko bai koma ba? Nan zancen yake.

Ƴar Keita:
Ya koma, Baba. Yunwa ce ta mai da shi. Ƙanena ma ai shirin komawa yake, mu ke hana shi.

Alfari:
Ni Bazabarme ne, a Yamai na koyi Hausa, amma in dai narkewa ce, ku bar yaran mutane. Masu manyan riguna da ke zuwa da atamfa da buhun shinkafa lokacin zaɓe, su ne man kaza na ainihi. Ana gama ƙidayar ƙuri'a sai su narke, ba ka ƙara ganin ko ƙurar motarsu sai bayan shekara biyar.

Bagobirin Yamai:
Yau bawana ya yi magana mai kai! Alfari, zo ka amshi goro. Akwai wani da ya yi ma garinmu alkawarin famfo tun ina ɗan lakkwal, yanzu ɗana ke ɗan lakkwal, shi kuma ɗansa na karatu Faransa. Wancan ko rana ba ta san kalarsa ba.

Alfari:
Wa ke bawan wa? Ka je ka fara biyan bashin dambun da ka ci a Katako.

Malama ƴar kwantaragi:
Ku dawo kan hanya don Allah. Ni abin da ke ci mini rai, in dattawa sun zauna sai su ce ƴan yanzu ba su da juriya, kamar ƙasar da suka girma ciki ita ce muka tarar. A zamaninsu mai takardar birbe ma yana samun aikin gwamnati. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 komi ya sake. Yau yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ɗakin uwarsa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki ashirin ke jiran gadonta. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. In duk waɗannan man kaza ne, wa zai noma albasar Galmi? Wa ke cikin ramun Jado tun 2014? Kuma ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, yara ne su ma, dattawan lokacin cewa suke ba su da kunya. Jininsu ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991.

Hajiya ta Lazare:
Gaskiyarki Malama, amma mu faɗi ɗayan ɓangaren. Tramol fa? Ni ina da ɗan ƙanwata, yaro mai ladabi, ƙwaya ta lalata shi muna kallo. Ba duk abin da tsoho ya faɗa ne son zuciya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malama ƴar kwantaragi:
Allah ya shirye shi, Hajiya. Sai dai mai shigo da ƙwayar katan-katan ba yaro ba ne.

Ɗan Bouza:
Ni a garinmu ban taɓa jin an yi ta don ƙarfin jiki ba. Ana yin ta ne in yaro ya cika baki, ya ce zai yi kaza zai yi kaza, ana matsa mishi kaɗan sai ya tona asiri ko ya fashe da kuka. Rana a nan tsanani ne. Kuma Hausawan da suka ce haka su suka ce yaro da gari abokin tafiyar manya. Ka ga ranar da yaron ya turo jika hamsin daga Abijan ba mai kiransa man kaza, Alhaji ƙarami ake ce mishi.

Mushe mai ritaya:
Kuɗi daban, tarbiyya daban. Ko a kokowa ku duba. Ina nan Tawa a 1975 da aka fara gasar takobi, Kantu na Maradi ya ɗauka. Ƙato ne da in ya shigo fili ƙasa ke amsawa. Na yanzu minti biyu sai haki, sai neman ruwan leda.

Alfari:
A'a Mushe, nan kam ban yarda ba. Isaka Isaka na Dosso ɗan yanzu ne, kuma ba wanda ya kai shi yawan ɗaukar takobi, har Kantun.

Ɗan Bouza:
Don bai tarar da Kadade, tsohon ɗan kokowar Tawa, ba ne. Da Kadade na da ƙuruciya, ko sau ɗaya takobin nan ba ya kwana Dosso.

Bagobirin Yamai:
To ga Adarawa sun taso. Alfari, kawo shayi, yau ba barci.