Sabis ɗin mota a Shetland: a yi a Lerwick ko a tsallaka Aberdeen?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Aikin jinya ya kawo ni Lerwick, babban garin tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotland, kuma motar da na taho da ita daga Glasgow har yanzu tana cikin garanti. Lokacin sabis ya yi, kamfaninta kuma ba shi da dila a tsibirin nan, mafi kusa yana Aberdeen. In ba gareji na nan su yi, ko garantin zai lalace?

Baban Amir: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki kai ta Aberdeen ki huta. Jirgin ruwan kamfanin NorthLink yana tashi daga Lerwick da yamma, ki kwana a ciki, ƙarfe 7 na safe kina Aberdeen. Ki ba dila mota, ki shiga gari ki sayi nama da kayan miya, da yamma ki sake hawa jirgi. Tambarin dila a littafin sabis yana ƙara wa mota daraja ranar sayarwa.

Injiniya: Yaya Baban Amir, da girmanka, amma ban yarda ba. Kai a Aberdeen kake zaune, shi ya sa abin ya zo maka da sauƙi. Tafiyar nan awa 12 ce in jirgin ya miƙe, wajen awa 14 in ya biya ta Kirkwall. Kwana biyu a kan teku ke nan, ga kuɗin mota, ga kuɗin ɗaki, ga hutun aiki da za ta nema, duk don a juye baƙin mai a canja filta. A dokar Birtaniya kamfani ba shi da ikon soke garanti don kawai an yi sabis a garejin da ba nasa ba. Sharaɗin shi ne a yi shi a kan lokacin da littafin motar ya faɗa, da irin man da ya faɗa, da kayan gyara masu inganci daidai da na kamfani. Maman Hanifa, abin da zai cece ki takarda ce. Ki ce wa makanikin ya rubuta miki rasit dalla-dalla: ranar aiki, mil nawa motar ta ci, sunan mai da lambarsa, lambar kowace filta. Ki ɗauki hotonsa ki ajiye a waya.

Baban Amir: To in giyar motar ta samu matsala fa? Garejin Lerwick ne zai biya?

Injiniya: Wannan maganar daban ce. Gyaran da kamfani zai biya a ƙarƙashin garanti, da kiranyen da suke yi in an gano aibi a wani samfuri, dila ko garejin da kamfani ya amince da shi ne ke yin su. Nan kam sai jirgi. Shi ya sa nake cewa ta adana tafiyar don ranar da ta zama dole. Kafin nan ta shiga shafin gov.uk ta sa lambar motar, zai nuna mata ko akwai kiranye a kanta. In akwai, sai ta haɗa shi da sabis ɗin a tafiya ɗaya.

Anti Likita: Ƙanwata, in tafiyar ta kama, ki fara yin rajistar rangwamen mazauna tsibiri a NorthLink, ana rage kashi 30 cikin 100. Kuma ki kama gurbin mota da ɗakin kwana kafin ki tsayar da rana da dila. Da bazara gurbin mota yana ƙarewa da wuri, da hunturu kuma iska na iya sa a ɗage tafiya. Kada ki sa dawowarki a daren da washegari kike da aikin safe.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. To kayan gyaran fa? Na yi odar filta daga wani shago a intanet, an rubuta kawowa kyauta. Ina sa lambar adireshina mai farawa da ZE sai kuɗin kawowa ya fi kuɗin filtar. Wani shagon ma ya karɓi kuɗi, daga baya ya mayar mini, wai ba sa kai kaya tsibiri.

Malam Direba: Hajiya, sannu da shigowa. Kowa a Shetland ya sha wannan. "Kyauta" ɗin nan tasu ta babban yankin ƙasar ce, kamfanonin kai kaya masu zaman kansu suna ɗora ƙarin kuɗi a kan tsibirai da tsaunukan arewacin Sikotland. Royal Mail kuwa, wato gidan wayan Birtaniya, doka ta ɗora masa farashi ɗaya a duk faɗin ƙasar, kuɗin aika ƙunshi zuwa Lerwick daidai yake da na Landan. Don haka kafin ki biya, ki aika wa mai shagon saƙo ki tambaye shi ko zai aiko ta gidan waya. Ƙananan masu sayarwa sukan yarda. Filta, fulogi, ƙwan fitila, robar goge gilashi, duk suna shiga. Iyakar nauyi kilo 20 ne.

Injiniya: Amma ban da batirin mota da jakar iskar da ke fashewa in an yi karo. Gidan waya ba ya ɗaukar su, suna cikin kaya masu haɗari. Irin waɗannan da manya kamar salansa ko gilashin gaba, ki bar wa gareji ya yi odarsu, suna da masu kawo musu kaya a jirgin ruwan ɗaukar kaya daga Aberdeen. Ni a ganina ma filtar ki bar musu. In kin kawo kayanki da kanki kuma bai yi daidai ba, asarar taki ce, kuma wasu garejin ba sa ba da tabbaci a kan kayan da ba su suka sayo ba.

Malam Direba: Gaskiya ne, amma in za ta yi odar da kanta, ta ba mai shago lambar shasi, kada ta tsaya a sunan mota da shekara. Samfuri ɗaya yakan zo da birki iri biyu. A Glasgow ka mayar ka canjo da rana tsaka, a nan kuwa mako ya tafi. Kuma wasu wasiƙu da ƙananan kaya ta jirgin sama suke sauka a filin jirgin Sumburgh, in hazo ya rufe filin sai a jira. Kada ki yarda a kwance motarki a gareji kafin kayan su iso hannu.

Anti Likita: Haka ma gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in motar ta cika shekara 3. Ana iya yin sa tun saura wata guda ba kwana ɗaya wa'adin ya cika ba tare da ranar ta canja ba. Ki yi da wuri, don in ta faɗi a samu lokacin jiran kaya.

Baban Amir: To na sauka daga kan maganata, amma rabi. Ni dai sabis na ƙarshe kafin garanti ya ƙare zan so dila ya gani, ko akwai abin da za a kama kamfani ya biya. In kin zo, Maman Amir na nan, ki sauka a wurinmu.

Injiniya: Wannan na yarda da shi. Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: tsatsa. Iskar teku gishiri ce, ga wanda ake watsawa a titi da hunturu. Ki riƙa wanke ƙarƙashin motar, ki tambayi garejin kuɗin fesa mata maganin tsatsa. In ta daɗe a ajiye faifan birki zai yi ja, ki riƙa zagayawa da ita. Ki kuma riƙe ƙofa da kyau in za ki buɗe, iskar Shetland tana lanƙwasa ƙofar mota.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Gobe zan leƙa garejin da ke kusa da wurin aikinmu in ji ko suna da irin man da littafin ya ce. Malam Direba, tayoyin hunturu fa, su ma gareji zan bari ya yi oda, ko akwai mai aikowa Lerwick ba tare da ƙarin kuɗi ba?