Yadda kuke gano matsalar saba tun kafin masu saye su kira

Abu Fatima: Assalamu alaikum. Ina kula da shafin intanet na wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano, kuma ina so in ji daga waɗanda suka riga ni a wannan aiki yadda suke gano cewa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta fara samun matsala tun kafin masu saye su fara ƙorafi.

Injiniya Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Mu da UptimeRobot muka fara, wani dandalin sa ido kan shafukan intanet, wanda a tsarinsa na kyauta yake leƙa shafi duk bayan minti biyar. Wata rana rumbun bayananmu ya tsaya, amma shafin farko ya ci gaba da amsawa da lambar 200, wato lafiya lau, alhali babu wanda ke iya biyan kuɗi. Tun daga lokacin muka umarci UptimeRobot da ya nemi wata kalma takamaimai a shafin biyan kuɗi, idan bai same ta ba ya sanar da mu.

Ummu Khalil: Abin da ya fi kayar da sabobin da na kula da su shi ne cikar faifai da bayanan aiki da ke taruwa kullum, shi ya sa na saita Zabbix, wata manhajar sa ido kan sabobi, ya yi gargaɗi da zarar faifan ya kai kashi 80 cikin ɗari. Ku kuma lura da takardar tsaron shafi ta Let's Encrypt, ƙungiyar da ke bayar da irin waɗannan takardu, wadda wa'adinta kwana 90 ne, domin tun watan Yunin 2025 suka daina aiko da saƙon tunatarwa.

Ɗan Maraɗi: Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wani kamfani da muke yi wa aiki bai samu gargaɗi ko ɗaya ba, saboda na'urarsa ta sa ido tana kan layi ɗaya da sabar da take gadi. Ko Facebook, a katsewar 4 ga Oktoban 2021, kayan binciken injiniyoyinsa sun tafi tare da shafin. Yanzu daga waje muke duba sabar, gargaɗin kuma ta saƙon tes yake zuwa.

Injiniya Zariya: Haka ne. Sai dai a rage yawan gargaɗin, don wanda wayarsa ke ƙara dare da rana a kan ƙananan abubuwa, ƙarshenta kashe sautin yake yi. Mu abin da ya shafi ciniki kaɗai ke tayar da mai aikin dare, saura kuwa sai da safe.