Wai imel ba ya ɓata ko an sauya hostin?

Nura: Salam 'yan uwa. Akwai kwastoman da zan ɗauke wa domen (sunan shafinsa na intanet) da hostin (sabar da shafin ke zaune a kai) gaba ɗaya zuwa wani kamfani, shi kuma duk harkarsa a imel take, ya ce in saƙo ɗaya ya salwanta to ni da shi ne. Ni dai a ganina tsoron nan da ake yi ya yi yawa, imel ba ya ɓata. In sabar mai karɓa ba ta amsa ba, sabar mai aikawa ajiye saƙon take ta riƙa sake gwadawa, ƙa'idar aika imel ma, wato SMTP, a takardarta RFC 5321, cewa ta yi a kai kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura. To me zai hana in sauya nemsaba, wato sabar da ke faɗa wa duniya inda domen yake, da daddare in je in kwanta?

Hajiya Bilki: Nura ƙanena abin da ka karanta gaskiya ne amma rabi ka karanto. Sake gwadawar nan sai in saba ta yi shiru, ko ta ba da amsar wucin gadi mai farawa da 4. In sabuwar sabarka tana tsaye garau, saƙo ya zo wa akwatin da ba ka riga ka buɗe ba, 550 za ta ce, ba ta san mai wannan suna ba, shi ke nan a take saƙon ya koma wa mai shi, babu wani kwana 5. Gara ma sabar da ta mutu da wadda ke raye tana ba da amsar da ba ita ba.

Sadiq: To ai wannan mai sauƙi ne Hajiya, ya buɗe akwatunan duka a sabon waje kafin ya taɓa komai. In ma duka kamfanonin biyu cPanel suke amfani da shi, manhajar sarrafa hostin, cikakken bakof zai kwaso akwatuna har da kalmar sirrinsu, ba wanda zai san an yi. Ni ina bayan Nura, mutane na son mai da ƙaramin aiki babba don kwastoma ya ga kamar an sha wahala.

Malam Auwal: Sadiq a yi dai a hankali. Ko ya buɗe akwatunan, akwai lokacin da duniya za ta rabu biyu, wasu sabobin sun ga sabon adireshi wasu kuma har yanzu tsohon ne a ajiye wurinsu, to masu tsohon can za su ci gaba da kai saƙo, tsohuwar saba kuma ta karɓa ta ajiye lafiya lau, mai aikawa ya ga ya tafi, kwastoma kuma wayarsa na kallon sabuwa bai ga komai ba. A wurinka bai ɓata ba tunda yana kan faifai. A wurin mutumin da ke jiran takardar kwangila ƙarfe goma na safe kuwa sunansa ɓatacce.

Sadiq: Sai ya rage TTL, wato tsawon lokacin da sabobi ke riƙe tsohon adireshi, zuwa daƙiƙa 300 mana, minti biyar an gama. Wannan zancen da kamfanonin hostin ke rubutawa cewa sauyi na iya ɗaukar awa 48 kariyar kai ce kawai

Malam Auwal: Rage TTL na aiki a kan rikod ɗin A (mai nuna IP na saba) da MX (mai nuna inda za a kai imel), su ne a hannunka, shi ma sai ka rage tun kafin ranar ka jira tsohon lokacin ya ƙare, in 14400 ne awa huɗu, in 86400 ne kwana guda. Amma Nura nemsaba ya ce zai sauya. Wannan a sabobin .com yake rubuce, TTL ɗinsa 172800, awa 48 cif, kuma ba ka da ikon taɓa shi. Daga nan maganar ta samo asali, ba tatsuniya ba ce. Yawanci ba ya kaiwa haka, amma yawanci ba alkawari ba ne da za ka ɗauka wa mutum.

Zainab: Ni duk kun wuce tambayar farko. Yaya Nura imel ɗin a ina yake zaune? In Google Workspace ne ko Microsoft 365 ko Zoho ai ba ruwansa da hostin, ka kwafe rikod ɗin MX da TXT da CNAME yadda suke harafi da harafi zuwa sabon DNS, inda ake ajiye rikod ɗin domen, an gama muhawara.

Nura: A cikin hostin ɗin yake, cPanel. Na duba yanzu MX ɗin sunan domen ɗin kansa yake nunawa.

Zainab: Yauwa, to nan tarkon yake. Ko nemsaba ba ka taɓa ba, kana sauya A don shafin ya koma sabuwar saba imel zai bi shi, tunda suna ɗaya suke hawa. Ka fara raba su. Ka yi wa ƙaramin sunan mail da ke ƙarƙashin domen ɗin nasa rikod ɗin A mai nuna IP na tsohuwar saba, in CNAME ne a wurin (mai nuna wani suna maimakon IP) ka sauya shi, MX ya riƙa nuna mail ɗin, wayoyin ma'aikata ma su koma wannan sunan. Daga nan ka ɗauke shafi ka sha iska, imel na nan inda yake sai ranar da ka shirya masa. In kuma a kamfanin Cloudflare za ka ajiye DNS kar ka kunna wa mail gajimaren nan mai ruwan lemo, maɓallin da ke sa zirga-zirga ta bi ta sabobinsu, kuma kar ka dogara da rikod ɗin da ya tattaro da kansa, yana tsallake wasu.

Hajiya Bilki: Ki ƙara masa Email Routing, saitin cPanel da ke faɗa wa saba ko imel ɗin domen a wurinta yake ko a waje. Muddin imel na tsohon waje, sabuwar saba a sa ta a Remote, in ba haka ba fom ɗin tuntuɓa na shafin zai riƙa zuba saƙo a cikin gida, a akwatin da ba mai buɗewa, kuma ba wata ƙara da za ka ji. Ranar da imel ya tashi a mai da sabuwar Local, ita kuma tsohuwar a juya ta zuwa Remote.

Sadiq: Wannan fa aikin kwana guda kun mai da shi na sati biyu. Wane kwastoma ne zai biya hostin biyu?

Hajiya Bilki: Wanda ya ce in saƙo ɗaya ya ɓata shi da Nura mana. Ba a rushe tsohon ɗaki sai an kwana a sabo. A bar tsohon asusun a kunne, a kwashe saƙonni zuwa sabuwar saba da manhajar imapsync kafin sauyi, a sake kwashewa bayan kwana biyu uku don 'yan baya su biyo. A kuma tambaya ko akwai mai sauke imel ta hanyar POP3, domin irin su tsofaffin saƙonninsu a kwamfutarsu suke, in yaron ofis ya goge asusun don ya saita sabo ana iya yin kuka.

Nura: Na ji, amma har yanzu ba wanda ya nuna min saƙon da ya ɓace ɓat. Ko ya koma wa mai shi, ko yana tsohuwar saba. Maganata na nan.

Malam Auwal: Ga shi. Ka rufe tsohon asusu kafin kwashewar ƙarshe, kamfanin ya goge faifai, nemo min shi. Sannan duk zancen shigowa muke, fita fa? Sabuwar saba sabon IP, in SPF, jerin sabobin da aka yarje wa aika imel da sunan domen, bai san da shi ba, DKIM kuma, sa hannun da ke tabbatar da saƙo, sabon makulli ba ka saka ba, to tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, saƙon da ba shi da ko ɗaya cikin biyun ko ya faɗa sifam ko a ƙi shi. Rikod ɗin SPF kuma ɗaya ake yi, gyara na da za ka yi, kar ka ƙara na biyu.

Nura: To domen ɗin fa Malam, shi ma in bari?

Malam Auwal: Shi ne na ƙarshe. In bai kai kwana 60 da rajista ko ɗaukowa ba ma ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, ta ba kamfanin rajista dama su hana shi tashi. In ya tashi yakan ɗauki wajen kwana biyar, kuma in DNS ɗin a wurin tsohon mai rajista yake suna iya kashe shi bayan ya fita, don haka ka fitar da DNS tukuna. Ka duba ko DNSSEC, tsarin tsaron DNS, na kunne kafin ka sauya nemsaba. Lambar EPP kuma, lambar sirrin ɗauke domen, wasu kamfanonin ta imel ɗin mai domen suke turo ta, ka leƙa ka ga wane adireshi ne a rubuce.

Nura: Na leƙa. Adireshin a kan domen ɗin yake.

Zainab: To fara sauya wannan zuwa wani adireshi na waje, amma ka karanta da kyau kafin ka danna, sauya imel ɗin mai domen ma na iya jawo wani kullen kwana 60, wasu kamfanonin suna ba da wurin da za ka ce ba ka so.

Sadiq: Ni dai har yanzu da ni ne daren nan zan yi shi.