Shawara kan wasannin kwamfuta na kyauta ga ɗaliban makaranta

Malami a Garwa:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a nan Garwa. Injunanmu tsofaffi ne, kuɗin data kuwa ba ya barin mu sauke abu sau biyu. Ina neman wasanni na buɗaɗɗiyar manhaja, wato waɗanda aka ba kowa izinin amfani da su da kwafarsu, ba na sata ba, waɗanda yara za su yi bayan darasi. Da wanne ya kamata in fara?

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da SuperTuxKart, wasan tseren motoci ne da ke tafiya a Windows da Linux, kuma yara biyu za su iya raba allo ɗaya su fafata, abin da zai rage maka rigimar jiran layi. Babban amfaninsa a wurinmu shi ne lasisinsa na GPL ya halatta kwafa, don haka sau ɗaya za ka sauke shi, ka zuba a filashi, ka bi injunan ɗaya bayan ɗaya, har ka ba makarantar da ke maƙwabtaka da ku ba tare da ka ci haƙƙin kowa ba. Ga ƙanana kuma akwai GCompris, mai koyar da lissafi da sarrafa linzamin kwamfuta, kuma akwai shi da Faransanci.

Mai gyara a Injamena:
Ni na fi son 0 A.D. na Wildfire Games, wanda aka buɗe manhajarsa a 2009. Ɗalibi zai gina gari, ya yi noma, ya tara mayaƙa, kuma tun 2018 aka saka daular Kush ta bakin kogin Nilu, yaro ya ga Afirka a cikin tarihin da yake wasa da shi.

Ɗan Marwa:
Gaskiya ne, Malam, amma 0 A.D. yana da nauyi, idan runduna ta yi yawa tsohon inji sai ya riƙa tsayawa. Battle for Wesnoth, wanda David White ya fara a 2003, ya fi dacewa da tsofaffin injuna, domin bi da bi ake yin sa kamar dara, kuma yana ajiye wasa da kansa, ko an ɗauke wuta yaro ba zai koma farko ba.

Malami a Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gwada Wesnoth a injin da ya fi rauni tukuna.